Turaren Hauwa a Sahun Gaba

Jama'a, yau na mayar da sahun gaba ɗakin amarya!

Jiya na sayo wa matata Hauwa turare a kasuwar Utaiqa, zan ba mai tafiya Kano ya kai mata. Ƙamshinsa sanyi-sanyi, kamar an jiƙa fure a ruwan mangwaro. Kwalbar 'yar ƙarama, sak ta turarena na oud. Da zan fita Juma'a na suri ɗaya na jefa aljihu.

Kun san yadda ake yi, in ka shafa sai ka shafa wa na kusa. Kafin liman ya fito na bi hannun mutum bakwai ina gogawa. Sai ƙamshi ya tashi. Innalillahi!

Wani dattijo Basa'udiye ya shinshina hannunsa, ya kalle ni ya ce, "Mabruk, ya aris!" Wai ni ne ango!

Malam Isufu, ɗan Maradin da muke ɗaki ɗaya, ya ɗaure fuska. "Haba Sani, da gemuna? Ka ci mutuncina!"

Turare ya yi ƙasa a kwalba, ban san me zan gaya wa Hauwa ba. Yanzun nan Malam Isufu ya leƙo, ya rage murya: "Sani, akwai saura?"