Shafukan da Iya Ba Ta Rufewa

Ƙanena ba ya gyara abin da aka ba shi labarinsa. Tun muna yara haka yake. Ki ce masa famfo yana yoyo, sai ya je ya tsuguna a gabansa har ɗigo ya faɗo. Shi ya sa a gida muke ce masa Sai-na-gani, kuma sunan ya bi shi har furfura ta fito masa a gemu. Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta ga ƙananan wurare, kantin magani, makaranta, asibitin unguwa. Ni yayarsa ce, tela. Ban san kan aikinsa ba, amma bango ɗaya ya raba shagona da ɗakinsa, kuma mutumin nan da ƙarfi yake magana da kwamfuta, to ko ban so ba sai na ji.

Ɗakin ba wani abin kallo. Tebur, fanka mai kuka, kujerar da ya ɗaure ƙafarta da waya, sai kofin shayi da kullum yake hucewa bai sha ba. A nan yake fama da abin da mutane ke cusa wa manhajarsa. Ya bar gurbin shekaru, wani ya rubuta "tsoho ne". Ya bar gurbin lambar waya, wata ta rubuta "ta maƙwabcinmu", manhaja ta kife. Ni da nake jin haushi a madadinsa sai in ce, "Wai mutanen nan ba su da ido ne?" Shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya ce shi ne bai yi tambayar da kyau ba, ya zauna ya koya wa manhajar ta ce a sake rubutawa maimakon ta faɗi.

Wata rana wani likita mai ƙaramin asibiti ya kira shi, ransa a ɓace. Kwamfutar teburin karɓar marasa lafiya tana sandarewa da zarar rana ta karkata, layi ya taru, mutane su yi ta ƙorafi. Abin mamaki, ba ta yin haka sai ranar aikin Iya, dattijuwar da ke wannan tebur tun ana rubuta kati da hannu. Ranar aikin ɗaya ma'aikaciyar kuwa, lafiya lau. Likitan ya riga ya yanke hukunci: tsufa ne, hannun Iya ya yi nauyi, wata na ƙarewa zai sallame ta ya ɗauki mai jini a jika. Ya kira ƙanena ne kawai don ya tabbatar masa manhaja ba ta da laifi.

Sai-na-gani ya gwada a ɗakinsa. Ya ƙirƙiri marasa lafiya na ƙarya, ya yi ta shigar da su har yatsunsa suka gaji, manhaja ko gezau. Na leƙo na ce, "To ka huta mana, ai ka fita." Ya ce, "Yaya, ni na gwada ta da hannuna ne, ba da hannun Iya ba." Washegari ya shirya zuwa asibitin. Dama gwiwata ta dame ni, na ce jifa ɗaya tsuntsu biyu, na bi shi.

Ya ja kujera ya zauna a bayan Iya, bai taɓa komai ba. Ni ina kan benci ina kallonsu. Da yatsu biyu take bugawa, a hankali, tabarau a kan hanci, amma ko harafi ɗaya ban ga ta goge ba. Kowa ya zo sai ta gaishe shi, ta buɗe shafinsa, ta tura shi wurin likita ko ɗakin gwaji. Sai dai ba ta rufe shafin. Ta buɗe na gaba a kansa. Kafin azahar sun jeru a ƙasan allon kamar shanya a igiya.

Ya sunkuya ya ce, "Iya, me ya sa ba kya rufe waɗannan?"

Ta juyo ta dube shi ta saman tabarau. "In rufe mutum yana zaune? Ɗana, in na rufe, mantawa zan yi. Wannan tana jiran sakamakon jini. Wannan an ce ya dawo bayan allura. Sai na ga mutum ya fita ƙofa da maganinsa nake rufe shi."

Ba ta gama rufe baki ba kwamfutar ta sandare. Iya ta ɗauke hannuwanta daga kan tebur ta ɗora a cinya, ta sunkuyar da kai. Wallahi sai da tausayinta ya kama ni.

A baranda ya yi mini bayani da yaren da zan gane. Ya ce kowane shafi in an buɗe, yakan kwaso duk tsofaffin hotunan ƙirji da na ƙashi na mai shi, ya jibge a ƙwaƙwalwar kwamfutar. "Kamar teburin yankanki ne, Yaya. In kowa ya kawo ɗinki kika baje dukkan yadinsa ba ki naɗe ba, ina za ki sa almakashi?" Ɗaya ma'aikaciyar tana rufe shafi nan take, shi ya sa ba ta taɓa cika ƙwaƙwalwar ba. Shi kuma da yake rubutawa bai taɓa kawo wa ransa wani zai bar shafuka da yawa a buɗe ba.

Ni kam ban ɓoye masa ba. Na ce, "Ka ce mata ta riƙa rufewa, magana ta ƙare. Kar ka je ka tona wa kanka asiri." Ya wuce ofishin likita, ƙofa a buɗe, ina jin su.

"Likita, ba hannun Iya ba ne. Ginin manhajata ne bai yi ba."

"To ka koya mata ta rufe mana."

"In ta rufe, kwamfuta za ta huta, amma za a manta da mutane a kan benci. Ni ya kamata in gyara."

Likitan ya yi tsaki, ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen wata. In ta sake sandarewa a hannun Iya, to maganarsa tana nan.

Kwanakin da suka biyo baya ina taka keke ina jin gunaguninsa ta bango. Ya warware manhajar kamar yadda nake farke rigar da ta matse. Ya raba suna da hotuna: suna ya zauna a allo duk tsawon yini, hoto kuma sai an nema ya zo, a gama kallo ya tafi. Ya buɗe shafuka rututu ya bar su, ya je ya ci abinci ya dawo, tana nan da ranta.

Ranar da ya saka sabuwar a asibitin na sake binsa, wai don gwiwa, amma gaskiya son gani ne. Muka tarar da Iya ta canja. Ashe maganar sallamar ta kai kunnenta. Mutum na barin gaban tebur sai ta yi maza ta rufe shafinsa, sannan ta ɗauki biro ta yi rubutu a ƙarƙashin tebur. Ƙanena ya leƙa. A tafin hannunta take rubuta sunayen masu jira, har tawada ta gangara zuwa tsintsiyar hannu, gumi ya fara cinye na sama.

Ya ɗago. Sannan ya ce, "Iya, daina rufewa. Na gyara."

"Kar ka ja mini, ɗana. Aikin nan shi ke gare ni."

"Ki bar su a buɗe. Ina nan zaune, ba inda za ni."

Ta ce, "Har guda nawa?"

Ya ce, "Duk wanda yake kan benci."

Ta duba tafin hannunta, ta shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, allo ya cika maƙil, kwamfuta tana aikinta. Likita ya fito sau biyu ya tsaya a bayanta yana kallo. Da zai tafi gida ya tsaya a bakin ƙofa, makulli a hannu, ya ce, "Iya, wata mai kamawa za mu ƙara ɗakin gwaji. Ki shirya, mutane za su ƙaru."

Ta ce, "To, likita." Sai da motarsa ta fita ta cire tabarau ta goge idonta da bayan hannu, don tafin duk tawada ne. Sannan ta mayar da tabarau, ta kira sunan matar da ta rage a kan benci.