Jirgin Ubaidu Bai Sha Ruwa Ba

Duk wanda ya san Ubaidullahi a Gwandu ya san shi da abu ɗaya, ba ya wasa da danshi. Manomin albasa ne ɗan manomin albasa, kuma tun yana ƙarami aka cusa masa cewa ruwa abokin shuka ne kawai, da zarar an cire amfani ya zama abokin gaba. Albasa ta ji danshi ta ruɓe, gero ya ji danshi ya yi funfuna, katanga ta jiƙa ta zube. Hadari tun yana can gabas bai gama haɗuwa ba za ka ga Ubaidu da tamfol a kafaɗa, yana sauri zuwa rudun da yake ajiye albasa. Ko takalminsa ba ya bari ya kwana a waje. Da wannan hali ya girma, da shi ya yi aure, kuma bai taɓa zaton akwai garin da halin zai zame masa ciwo ba.

Da mahaifinsu ya rasu aka raba gona, abin da ya faɗo hannunsa bai wuce wurin shanya barkono ba, rijiyar da ke ciki ma ta ƙafe. Matarsa Indo 'yar Sarkawa ce, masunta na wani ƙauye a fadamar Kalgo. Ita ta kawo shawarar su koma garinsu, inda ko ba komai ba a kwana da yunwa. Ubaidu ya yi ta ja da baya, don zama a garin surukai ba abin da namiji ke so a ji ba ne. Da tukunya ta fara kwana a kife, ya ɗaure kayansa a amalanke, ya kora jakinsa suka tafi.

Aikin da ya samu shi ne ɗaukar kifi. Jirage su fito, mata masu saye su cika daro, shi kuma ya loda a amalanke ya kai bakin titi. Ana samun na tuwo, amma abin yana ci masa rai. Sa'o'insa suna fitowa daga ruwa suna hirar inda tarwaɗa ta kwanta, shi yana tsaye a tudu yana jiran a ce masa zo ka ɗauka.

Mutum biyu ne suka cika masa ido a garin. Na farko surukinsa, Baba Lawal, tsohon masunci mai ciwon baya, wanda ya daina shiga ruwa sai gyaran koma a gindin wata giginya. Tun ranar ɗaurin aure Ubaidu bai taɓa kallon fuskarsa ba. In suka haɗu sai ya cire takalmi ya durƙusa gefen hanya ya gaishe shi, tsohon ya amsa yana duban wani wuri. Duk maganar da ta wuce gaisuwa, Indo ce ke kai ta, ita ke kawo ta.

Na biyu Yusufu, ƙanen Indo, magidanci ne da 'ya'yansa amma bakinsa ba ya hutawa. Akwai wasa tsakanin mutum da ƙanen matarsa, shi kuwa Yusufu ya mai da wasan sana'a. Shi ya raɗa wa Ubaidu suna Mai Albasa. Shi ya taɓa ce masa baƙo ba ya shiga jirgi sai da baya, Ubaidu ya juya ya shiga, ya faɗa laka a gaban mata. Shi ne kuma ya miƙa masa wani kifi mai santsi, ya ce ya riƙe da hannu biyu ya ji laushi. Ashe minjirya ce, kifin nan mai jan mutum kamar wutar lantarki. Ubaidu ya yar da ita yana salati, hannunsa ya yini yana rawa. Da ya ba Indo labari, ita ma sai da ta riƙe ciki. Daga ranar ya ɗaura wa ransa cewa duk abin da ya fito daga bakin Yusufu ƙarya ne.

Akwai babban tafki a bayan ƙauyen da Sarkin Ruwa ke rufewa duk damina, ba mai jefa ko ƙugiya. Sai ruwa ya ja baya ake buɗe shi na ɗan lokaci, a yi su, wato kamun kifi na gayya, a sake rufewa. Wanda ya shiga ranar buɗewa da jirgin kansa, an san shi masunci ne ke nan, yana da wurin ɗaure jirgi a bakin ruwa, yana da baki in ana shawara. Ubaidu ya ƙudura cewa bana da jirginsa zai shiga, ko ana ha maza ha mata.

Ya fara koyon tuƙi da wani tsohon kwale-kwale na aro. Farkon abin sai jirgin ya yi ta zagaya wuri ɗaya da shi, yana zuba filafili ta gefe guda kamar mai haƙar rijiya. Ran da ya gwada gwangwala, doguwar sandar da ake tura jirgi da ita, ta kafe a laka, jirgi ya wuce ya bar ta a tsaye. Amma mutumin na da naci. A hankali ya gane yadda ake zama a gindin jirgi, yadda ake karkata filafili a ƙarshen ja don goshi ya miƙe, da yadda ake tsayawa a jefa birgi, ragar nan ta jifa, ba a kife ba. Abin da ya kasa ganewa shi ne sakacin mutanen nan. Jiragensu dare da rana a cikin ruwa, gindinsu ya yi kore da gansakuka, ba mai tunanin fitar da su su sha iska.

Ya sayar da jaki da amalanke, aka kawo masa sabon jirgi daga Yauri a kan mota. Katakon sai ƙamshi, ƙusoshi suna ƙyalli. Ubaidu ya kafa masa rumfar zana a kusa da gaɓa, ya ɗora shi a kan itatuwa don kada ya taɓa ƙasa, daidai yadda yake yi wa albasa.

Yusufu ya zo ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, "Mai Albasa, jirgin ga sai ya sha ruwa. Ka aza mai duwatsu ka nutsad da shi, katako shi kumbura, bakin shi haɗe. In ka bar shi tudu, rana na buɗe shi."

Ubaidu ya yi dariya har da tafawa. Ya ce wato ya sayar da jakinsa don ya sayi abin da zai nutsar da hannunsa, to wannan karon a nemi wani wawan. Dare bai yi ba Indo ta same shi da maganar, ta ce gaskiya Yusufu ya faɗa, haka ake yi wa kowane sabon jirgi. Ya tuna mata da minjirya, da yadda ta yi masa dariya. Ta rantse, ya ce ta bar rantsuwa, jini ɗaya ne ita da ƙanenta. Ta ƙara magana washegari, ya haɗe fuska, ta kama bakinta.

Wata safiya ya zo ya tarar da rumfa wayam. Can cikin ruwa mara zurfi ya hango goshin jirginsa kaɗai a waje, cikinsa cike da duwatsu. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya shiga ya kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana wurgi da su cikin ciyawa, ya kwalfe ruwan, ya ja jirgin tudu ya shanya shi a rana ya bushe ƙayau. Bai ce wa kowa komai ba, don kada Yusufu ya ji daɗi. Ba a jima ba aka sake. Ya sake fitarwa, ya sake shanyawa, yana cizon yatsa.

Da aka yi na uku, haƙurinsa ya ƙare. Lokacin jirage sun fito, bakin ruwa cike da jama'a, Baba Lawal yana gindin giginyarsa da koma a cinya. Ubaidu ya tsaya ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya ɗaga murya.

"Ban san mi nit tsare ma wani ba garin ga. Amma duk hannun da ya ɗauki duwatsun ga ya aza ma jirgina, Allah ya isa tsakanina da shi."

Yusufu, wanda ba a taɓa rufe masa baki ba, ya sunkuyar da kai ya bar wurin. Ubaidu ya ce a ransa mai laifi ya ji a jikinsa. Ya sayo sarƙa da kwaɗo ya ɗaure jirgin a jikin turken rumfa, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa shi.

Rana ta yi ta aikinta. Bayan wani lokaci ya lura in ya leƙa cikin jirgin yana ganin haske ta tsakanin katakai. Ya ce ai ga irinta nan, jiƙa shin da aka yi ta yi ne ya lalata shi. Ya nemo tsumma da kwalta ya bi yana cusawa, ya toshe nan, can ya buɗe.

Ranar buɗe tafki gari ya tashi da kiɗa. Jirage suka jeru a gaɓa, masu gora da koma suna bayansu, mata sun jera daro a tudu. Ubaidu ya tura nasa cikin layi, ya zauna daram, ya riƙe filafili yadda ya koya. Sarkin Ruwa ya ba da izini, aka zabura. Tuƙin kam ya yi kyau, jirgin ya miƙe sak, har ya wuce wasu. Sai ya ji sanyi a tafin ƙafarsa. Ruwa ne ke shigowa ta ko'ina kamar an tsoma kwando. Ya ajiye filafili ya ɗauki ƙwarya, yana kwalfewa ruwa na ƙaruwa, daga idon sawu ya kai ƙwauri. Ya juya zai koma, bai kai gaɓa ba jirgin ya zauna a ƙasa da shi, ruwa iya ƙugu.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi masa ciwo. Kowa na can yana fama da kifi. Ya ja jirgin zuwa gefe ya fito, birginsa ko jefawa bai yi ba. Yana tsaye a tudu wata mai sayen kifi ta kira shi ya zo ya ɗaukar mata daro. Amalanken ma babu, a ka ya ɗauka.

A gida ya ƙi tuwo, ya ce Yusufu ya cuce shi. Indo ta ajiye ludayi ta dube shi, ido ya cika da hawaye, na takaici ba na tausayi ba.

"Malam, ba Yusufu na ba. Baba na. Shi da wani tsoho abokinai sunka mirgina shi bisa itace, da bayan nan nai mai ciwo. Ya ce kar a hwaɗa maka, kar ka ji kunya."

Ta ci gaba da cewa tun ranar da ya ja Allah ya isa tsohon bai ƙara cin abinci da daɗi ba. Yana cewa yaron yana da gaskiya, kayan mutum ne aka taɓa ba da izininsa ba, kuma shi ba ya son ya je kabari da wannan kalma a wuyansa. Ya hana kowa magana, yana jira ne kawai ko wata rana mai jirgi zai yafe.

Wannan ita ta fi nutsewar jirgin nauyi. Shi ne ya yi wauta, shi ya zagi mai taimakonsa a bainar jama'a, amma ba zai iya zuwa gaban suruki ya buɗe zancen ba, don buɗewar tonon asirin tsohon ne. Kalmar da ya ja kuwa ba ta sauka sai mai ita ya sauke ta. Ya rasa wanda zai ji haushi, ya yi ta juyi a kan tabarma.

Da safe ya tafi neman duwatsun da ya watsar a ciyawa. Bai sha wahala ba, ya same su an tattara an jera su a gefen rumfa, manya a ƙasa ƙanana a sama, ciyawa har ta fara fitowa ta tsakaninsu. Ya tura jirgin ruwa, ya dinga ɗauka yana azawa. Ya san kafin katakon ya sha ya ƙoshi an rufe tafki, bana ta wuce shi, zai koma ɗaukar daro har wata shekara. Mutane na shirin shiga ruwa, Baba Lawal na gindin giginya. Ubaidu ya juya baya ga tudu, ya fuskanci ruwa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Wanda duk yat taɓa jirgin ga, na yahe mai duniya da lahira."

Bai taɓa faɗin maganar da ta ba shi kunya irin wannan ba. Tsohon bai ɗago ba. Ya ja zare a komarsa, ya ɗaure, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sannan ya yi magana kamar da komar yake yi.

"Alhamdu lillahi. Goshin shi ka tashi, a ƙara mai babba guda."

Ubaidu ya hau tudu, ya cire takalmi ya wuce ta gaban giginya a sunkuye. Ya rungumo dutsen da ya fi kowanne girma, ya koma da shi cikin ruwa ya aza a goshin jirgin, ya tsaya yana kallo har ruwa ya rufe shi.