Tagogi Ukun Da Ke Kallon Gidan Malam

Mahaifina mai hawan dabino ne, kuma abu ɗaya ya fara koya min kafin ya bar ni in taɓa kututture. In za ka hau sama a cikin gari, sai ka yi shela. Ka tsaya a gindi ka ɗaga murya, "Salamu alaikum, za a hau sama!" har sau uku, sannan ka jira matan maƙwabta su kimtsa ko su shige ɗaki. In ka hau kuwa, idonka na kan hannunka. Ban gaji hawan dabino ba, tsoron ƙayarsa nake ji, amma shelar nan na tafi da ita cikin sana'ar da na ƙirƙiro wa kaina.

Na gama sakandare daidai lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha. Kowane saurayi a unguwarmu Limawa ya ɗauka aikin gwamnati zai biyo shi har ɗaki. Na yi ta kai takarda ofis-ofis har takalmina ya cinye, ba wanda ya kira ni. Abin da na samo a yawon nan shi ne na lura da gilashi. Ga sababbin ofisoshi, ga gidajen ma'aikata, duk tagogin luba masu jerin fallayen gilashi, duk sun dafe da yanar gizo da gidan zanzaro da kashin ƙadangare. Mai gadi ya ce ba aikinsa ba ne, mai shara ta ce ba za ta hau sama ba. Sai na sa kafinta ya haɗa min tsani, na sayi bokiti biyu, na roƙi tsofaffin jaridu, na ɗaure duka a keke. Abokaina suka yi ta min tsiya, wai mai takardar sakandare ya koma ƙadangaren bango.

Sana'ar nan rabinta wanki ce, rabinta sauraron ƙorafi. Wani ya ce ni na fasa masa luba, alhali tsagin ya girmi ɗansa na fari. Wata ta aiko a kira ni don ruwan sama ya zo da iska bayan na tafi, kamar ni ke riƙe da hadari. Akwai wanda ya ce na bar masa warin kananzir a ɗaki, bayan shi ya ce in sa kananzir in cire ɗigon fenti. Ina da zuciya, na sani, amma na koya wa kaina doka: ba a musu da mutum a ƙofar gidansa. Ka ce a yi haƙuri, ka ɗauki tsumma ka koma. Zagin da ke bakina sai na hau keke nake sauke shi, tun daga unguwar Takur har Limawa, ni kaɗai ina magana kamar sabon kamu. Da dokar nan na yi aure, da ita na ciyar da gida shekara da shekaru, har na fara jin babu ƙorafin da ban san maganinsa ba.

Gidan da ya fi kowanne a wajena wani bene ne a Takur. Maigidan babban ma'aikaci ne, kullum yana hanya, don haka Hajiya ce ke riƙe da komai. Malamar asibiti ce, kuma tsabta ta zame mata ciwo. In na gama sai ta bi gilashin da farin hankici. Amma tana da alheri, kuma ta bakinta na sami gidaje shida a layin. Kowace Asabar can nake wuni.

Jikin benen ta gabas akwai wani gidan ƙasa da ya girmi jihar kanta. Mai shi dattijo ne mai sayar da hatsi, kowa Malam yake ce masa. Yana zaune da iyalinsa aka zo aka dasa masa bene a ka, da tagogi uku na sama suna kallon tsakar gidansa. An yi rigima a lokacin, aka sasanta a kan cewa labulen tagogin nan ba za a taɓa ɗaga su ba. Ni kuwa in zan wanke su, sai in kafa tsani a ɗan lungun da ke tsakanin bene da katanga, in yi shelar mahaifina, in hau na ba gidan Malam baya. Shekara huɗu ba wanda ya ce min kanzil.

Abubuwa biyu suka zo kusan tare. Hajiya ta sa aka cire luba aka sa irin gilashin nan mai duhu da ake yayi, wanda na ciki ke ganin na waje, na waje kuwa sai fuskarsa. Sannan aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. Na yi murna, ni ma na je taro na yi kabbara har muryata ta dishe. Sai dai daga shekarar kowa ya ƙara sa ido a kan iyakar gidansa, kuma kalmar "leƙe" ta yi nauyin da ba ta da shi a da. Da zagi ne a bakin titi, yanzu magana ce da za ta iya kai mutum gaban alƙali.

Ranar farko da na wanke sabon gilashin na gane na shiga uku. Ina goge kumfa, sai ga tsakar gidan Malam ta fito a gabana tas, da igiyar shanya, da turmi, da rijiya. Bayana na ba su, kamar yadda aka koya min, amma gilashin ya ɗauko su ya ajiye min a ƙarƙashin hannu. Mahaifina ya ce ido na kan hannu, bai san za a yi zamanin da hannun zai kasance a kan madubi ba.

Ba a yi wata ba mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da Malam zaune a zaure, fuska ba walwala.

"Samari," in ji mai unguwa, "Malam ya kawo ƙorafi. Ya ce iyalinsa ba su da sakewa ranar Asabar."

"Ranka ya daɗe, ina shela. Sau uku nake yi."

"Shela muna ji," in ji Malam. "Amma mai dabino sau nawa yake hawa a shekara? Kai kowane mako ne. A ce mata su bar girki su shige ɗaki kowace Asabar saboda gilashin wani?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushin gaskiyar. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. In ka hau, kana ganin cikin gidan nan?"

Na tuna gidaje shida, na tuna matata tana da ciki. Na ce, "Ranka ya daɗe, baya nake ba su. Ba na ganin komai."

Malam ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, na karɓa. Amma ranar da na ji akasin haka, ba nan za mu zauna ba."

Na fito ina jin ƙyamar kaina. Don in mai da ƙaryar gaskiya, sai na ɓullo da dabara. Tagogin nan uku na daina ɗauraye su sosai. In shafa ruwan sabulu in bar shi ya bushe, ya yi hazo-hazo, ba abin da ke fitowa sai inuwa. Na sami sauƙi mako biyu. A na uku Hajiya ta tare ni a gindin tsani.

"Mai tsani, me tagogin gabas suka yi maka?"

"A yi haƙuri, Hajiya. Rana ce ke busar da ruwan kafin in goge."

"Ranar ba ta zuwa yamma ne? Dubi na gaba kamar ka lasa, waɗannan kuwa kamar an wanke da ruwan koko. Gilashin nan da tsada aka sayo shi. Ko ka wanke su kamar sauran, ko in nemi wani, kuma in gaya wa maƙwabta dalili."

Ta ja kujera ta zauna a bakin lungun. Gaba kura, baya sayaki. Na yi shela, na hau, na ɗauraye, na bi da jarida har gilashin ya yi ƙara. Na yi niyyar runtse ido, amma ba a goge gilashi da ido a rufe.

Damina ce ta yi nisa. A cikin gilashin na ga rijiyar Malam, can kusurwa jikin katanga. Ta gaba, inda ake tsayawa a ja ruwa, lafiya ƙalau take. Ta baya kuwa, inda aka jingina itacen girki ya tare, ƙasa ta tsage ta yi baka kamar jinjirin wata, gefen ginin ya ɗan zauna. Wanda ke tsaye a tsakar gida ba zai gani ba, sai wanda ke sama. A inuwar da ke wajen, taku biyu daga tsagin, wata tsohuwa na zaune a tabarma tana jan carbi. Na san labarinta a unguwa: mahaifiyar Malam ce, idonta ya yi rauni, shi ya sa shela ba ta tashinta.

Na sauko. Hajiya ta duba gilashi ta ce, "Ka gani? Ashe ka iya." Na gaya mata abin da na gani, na roƙe ta ta aika gidan. Ta rage murya.

"In na aika, ta ina zan ce na sani? Cewa za a yi muna ɗaga labule. Alhaji ba ya nan, ba zan tono rigimar da aka binne ba. Ƙila ma sun sani. Ni ban gani ba, kai ma ba ka gani ba."

"Ƙila ma sun sani." Na riƙe maganar nan kamar laya. Asabar ta zagayo, na hau, tsagin ya ƙara baki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tsohuwa tana nan inda take, har da ɗan kwanon furarta. Na yi tunanin rubuta takarda in jefa a zaure, sai na tuna duk layin mutum ɗaya ne ke hawa sama. Na yi tunanin in daina zuwa gidan, amma rashin zuwana ba zai toshe rami ba. Ko ina na juya, maganar da na faɗa a gaban mai unguwa ce ke tsaye a ƙofa. Da hadari ya haɗo sai in tuna tsohuwar. Matata ta gaji da ganina ina juya tuwo a kwano, na faɗa mata. Ta ce, "Ai bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Je ka faɗa, abin da zai faru ya faru." Na daka mata tsawa, don ta faɗi abin da na riga na sani.

Asabar ta uku bayan na ga tsagin, an kwana ana ruwa. Da na hau, itacen girkin da kansa ya karkata zuwa ramin. Ban gama tagar ba na sauko. Na jira Malam a ƙofar masallacin layin bayan la'asar, na bari mutane suka ragu, na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, rijiyar gidanka ta zauna ta baya, wajen katanga. A ɗauke Inna daga wajen."

Nan take ya juya. Ya shige gida da sauri, na ji yana kiran a kama ta a kai ɗaki. Ina nan durƙushe ya fito, da laka a hannun rigarsa.

"Ta ina ka gani?"

"A gilashi, Malam. Yana nuna abin da ke bayana."

"Ranar da muka zauna gaban mai unguwa, ka san haka?"

"Na sani."

Na sunkuyar da kai ina jiran zancen alƙali. Na shirya masa, har na shirya haƙurin da zan bayar. Sai ya ce, "Tsagin nan ba na yau ba ne. Yaushe ka fara ganinsa?"

Da na yi wata ƙaryar, da ba mai kama ni. Na ce, "Mako uku ke nan."

"Mako uku," in ji shi a hankali. "Uwata tana zaune a bakin rami, kana hawa kana sauka, kana goge gilashi."

Na buɗe baki in ce a yi haƙuri, kalmar da na ci abinci da ita shekara tara, ta ƙi fitowa.

Bai kai ni ko'ina ba. Washegari magina suka zo, aka ce suna taɓa gefen ya rufta gaba ɗaya. Da Alhaji ya dawo, mai unguwa ya zaunar da su, aka toshe tagogin ukun da bulo. Hajiya ba ta kore ni da baki ba, ta dai ce za ta aiko, ba ta aiko ba. Gidajen layin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce mai leƙe ne, wasu sun ce maƙaryaci ne, kuma ban iya musa ko ɗaya ba. Na koma wankin ofisoshi, inda in ka hau ba abin da ke bayanka sai motoci.

Inna ta ƙara shekara biyar a duniya, ta rasu a kan gadonta. Na ji labari na je gaisuwa, na zauna can ƙarshen tabarma. Da na zo tafiya na miƙa wa Malam hannu, ban zaci zai gane ni ba. Ya riƙe hannun bai saki ba.

"Mai tsani ne? Allah ya ba da lada. Ganin da ka yi na yafe tun ranar." Ya dube ni da idon da kuka ya rina. "Makon nan uku ne har yau nake ƙoƙari."

Na ce Allah ya ji ƙanta, na tura kekena har Limawa ban hau ba.