Motoci Biyu a Ƙarƙashin Gada

Anselmo Barragán kafintan akwatin gawa ne a garin Terrassa, kuma shi ya gina titin tseren ƙananan motoci da ke ɗakin ƙasa na mashayar Doña Herminia. Daga wani ƙauye na kudu mahaifinsa ya kawo su yana yaro, lokacin da masaƙun garin ke ɗaukar kowa aiki. Uban mai saurin hannu ne, ɗan ma haka ya tashi. Kafin ya yi aure ya taɓa zubar wa wani haƙora a wajen rawa, ya sha kwana a hannun 'yan sanda. Zarton inji ne ya kwantar da shi, ranar da ya cire masa yatsu biyu na hannun dama, har da wanda ake jan kunama da shi.

Da wannan yatsa ake tuƙin. Kowace mota ba ta wuce tafin hannu ba, tana bin tsagi a jikin katako, wutar lantarki na jan ta, mai ita yana tsaye a gefe da makunni mai kunama irin ta bindiga. Tunda Anselmo ba zai ƙara tuƙi ba, sai ƙungiyar masu tseren ta ba shi alƙalanci. Shi ke raba layi, shi ke sa waɗanda ba sa tsere su tsaya a kwana-kwana suna mai da motar da ta fice, shi ke kunna wuta, shi ke ɗauke ta. Dokarsa mafi girma ɗaya ce: idan lokaci ya cika aka ɗauke wuta, babu hannun da zai taɓa mota har sai ya sa alli a daidai hancinta. Idan yawan zagayen motoci ya zo ɗaya, allin nan ne ke raba gardama.

Shekara biyu a jere allin bai taɓa katako ba a ranar ƙarshe. 'Yan ƙungiyar sun rabu biyu, 'yan asalin gari da baƙin kudu, kuma duk ɓangaren da ya ga za a cinye shi sai ya afka wa titin a watsa motoci, a tashi babu gwani. Da za a fara gasar shekara ta uku, Doña Herminia ta sauko da kofin gasar daga kan kantar mashayar, ta dangwara shi gaban Anselmo.

"Kai mai akwati, saurara. Na gaji da share jinin garada. In bana ma kofin nan bai tafi gidan wani ba, katakonka zai shiga murhuna. Da gatari zan sauko."

"Uwar ɗakina, za a gama lafiya."

"Lafiya ban tambaya ba. A gama kawai."

Ba a yi lafiyar ba. Duk Lahadi bayan abincin rana ake haɗuwa, duk Lahadi kuma da abin da ake fasawa. An taka motar wani da takalmi, aka ce tsautsayi ne. An jefi mai tsaron kwana da makunni don ya yi nawa, girarsa ta tsage. Wata rana an caka wa wani sukuddireba a bayan hannu yana kan ɗaga mota. Anselmo ya kori mai laifin, ya goge jinin da tsumma kafin ya bushe a kan zirin ƙarfen da wuta ke bi, ya ce a ci gaba. Hannunsa na hagu yakan dunƙule da kansa a irin wannan lokaci, sai ya cusa shi cikin aljihu.

Da aka zo tseren ƙarshe, mutum biyu ne makinsu ya zo daidai. Ɗaya Oriol, mai gyaran agogo, ɗan gari, siriri mai baƙar magana. Ɗayan Fulgencio, direban tirela, ƙanin matar Anselmo, wanda ya shekara yana alfahari da cewa shi ya kifar da titin bara.

"Yaya," in ji Fulgencio yana goge tayoyin doguwar jar motarsa, "yau ka tuna a gidan wa kake cin abinci."

"A gidana nake ci. Hau layinka."

Oriol ya yi dariya. "Ka bar shi, alƙali. Wanda ya saba da tirela ai sai a hankali. In ka gaji, direba, ka faka ka yi barci, zan tashe ka in an gama."

"Zan faka a kan bakinka, ɗan agogo."

Anselmo ya kunna wuta. Ja da fara suka fita tare, ɗakin ya cika da ihu da warin mai mai ƙuna. Farar ta Oriol gajera ce, tana cin kwana kamar ƙadangare. Jar kuwa a miƙaƙƙen layi take ramawa. Sau biyu suka gogi juna, sau biyu jar ta yi tsalle ta bugi allo, 'yan kudu suna zagin mai tsaron kwana har uwarsa. Amma Fulgencio ya kamo. Lokaci na cika, Anselmo ya ɗauke wuta, motocin suka sulale tare suka tsaya a ƙarƙashin gadar da ke can ƙarshen titi. Yawan zagayensu ya zo ɗaya. Wutsiyoyinsu kawai ake gani, kuma ta farar ta fi shigewa ciki.

'Yan gari suka ɓarke da sowa. Anselmo ya ga fuskar Fulgencio, ya san abin da ke tafe. Ya riga shi isa. Ya kifa ƙirjinsa a kan gadar, ya riƙe gefen katakon da hannu biyu, ya rufe motocin da jikinsa.

"Tashi, Yaya."

"Ban sa alli ba."

"Ka tashi na ce! Don waɗannan za ka kunyata ni?"

Naushin farko a ƙoda ya same shi. Na biyu a kunne. Fulgencio ya kama kwalarsa ya ja har rigar ta yage, Anselmo bai saki ba. Nan ɗakin ya kacame. Kwalba ta fashe a bango, wani ya faɗi kan akwatin kayan gyara, Oriol ya durƙusa yana laluben tabaransa, jini na zuba daga hancinsa. Fulgencio ya ɗauki kujera ya maka wa mijin yayarsa a baya. Anselmo ya ji wani abu ya ƙarye a haƙarƙarinsa, numfashi ya ƙi shiga. Ya san da hagu ɗaya zai iya kwantar da Fulgencio, ya taɓa kwantar da waɗanda suka fi shi. Amma in ya ɗaga hannu gadar za ta motsa. Ya ƙara matse katakon. Fulgencio ya sauke ƙafar kujerar a kan dungun yatsunsa, har sau biyu.

Ƙarar gatari a jikin matakala ce ta tsayar da kowa. Doña Herminia na tsaye, ta zare shi daga itacen.

"An gama, ko in fara?"

"Saura alli," in ji Anselmo, muryarsa da ƙyar take fita.

Ya miƙe a hankali. Ya ce Oriol ya matso, ya ce Fulgencio ya matso, kowa ya sa hannunsa a baya. Ya kwance ƙusoshin gadar da hagu, ya ɗaga ta. Motocin na nan yadda wuta ta bar su. Wutsiyar farar ta fi shigewa, gaskiya ne, don gajera ce. Amma hancin doguwar jar ya wuce nata da kaurin ashana. Ya ja alli a gaban kowace, layin ya ɗan yi ja saboda jinin hannunsa.

Oriol ya sa fasasshen tabaransa ya daɗe yana dubawa. "Ja ce," ya ce.

Fulgencio ya saki kujerar.

Anselmo ya karɓi kofin daga hannun Doña Herminia ya tura masa a ƙirji. "Gwanin bana ke nan. Ka ci tun kafin ka ɗauki kujera, sakarai. Riƙe. Kuma daga yau ƙafarka ba ta ƙara taka matakalar nan."

"Yaya, ni na zaci..."

"Ka je ka yi wa yayarka bayani. Ita ce za ta ɗaure min haƙarƙari."

Doña Herminia ta saɓa gatarinta ta haye sama. Anselmo ya yi wata guda ba ya iya ɗaga murfin akwati, kuma har ya tsufa idan ya yi dariya sai ya dafe gefensa. Titin yana nan a ɗakin ƙasa. Gadar ce kawai ya sake, ya yi mata rufi da gilashi.