Dakta Labbo Ya Rasu, Yanzu Kowa Amininsa Ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina shirin fita aji, ɗansa ya kira ni: Dakta Labbo ya cika a gidansa na Bakura.

Kafin in gama share hawaye, hotonsa ya cika waya. "Amininmu." "Ubanmu." Wasu masu rubutun na san su, ofis ɗinmu ɗaya a makarantar da muke koyarwa a Talata Mafara.

To bari in tuna muku.

Mutumin nan ya kai kwamishinan 'yan sanda. Da ya ajiye kaki bai nemi kwangila ba, bai shiga siyasa ba. Ya koma karatu da furfurarsa har ya zama dakta, ya zo yana koyar da yaranmu. Ni ɗalibinsa ne kafin in zama abokin aikinsa. Shi ya zauna ya gyara mini furojet ɗina na kammala karatu layi-layi, da jan biro, ba tsawa.

Malamai muna da ciyayya a ƙarƙashin darbejiya bayan azahar. Kowa ya kawo kwanonsa, a haɗa hannu. Kullum sai Dakta ya zo da tuwon shinkafa da zai ishi tabarmar duka.

Da ya buɗe kwano, hira ta mutu. Wannan ya tuna yana da aji, wancan ya ce azumi yake, ranar Laraba. Wani babba a cikinmu ya taɓa jana gefe ya ce, "Ɗan sanda ba shi ritaya, yaro. Kowa yac ci da shi ya kai kainai."

Wai rahotonmu yake kai wa hukuma. Rahoton me zai kai? Gulmar albashi?

Haka muka riƙa cin tuwon mutum goma mu biyu. Bai taɓa rage kwanon ba. Abin da yake nema kawai a ce masa, "Malam, matso." Ba a ce ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ganina da shi na ƙarshe, watan jiya, yana kwance, ya rame ƙwarai. Ya ce, "Mutanen darbejiya fa? Wa yat tambaye ni?"

Na ce, "Duk suna gaishe ka, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Tun ina saurayi sauraren ƙarya na aikina, ɗana. Taka ba ta nuna ba."

Jana'iza bayan azahar ne a Bakura. Aminai, ku zo ku cika sahu, ku saki baki yadda kuke so. Yau ba zai ji ku ba.

Allah Ya jiƙan Dakta, Ya yafe masa kurakuransa, Ya zaunar da shi cikin waɗanda za su yi murna da zuwansa. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.