Ƙarfen da na sa wa Fijon Baba

Jiya ina kwashe tarkace a gidanmu na Kusfa, na ci karo da wani dogon ƙarfe, duk ya yi tsatsa. Ni na sa mai walda ya gitta shi tsakanin shokozoban gaba na Fijon Baba, zamanin ina kai shi aiki Samaru, don motar ta daina tangaɗi in an sha kwana.

Ta kuwa daina. Na ce, "Baba, yanzu nan da nan za mu riƙa isa."

Ya ce, "To, saurin me muke yi?"

A motar nan kaɗai yake sakewa mu yi hira, ni kuma na gajarta hanyar. Shekara na zagayowa ya rasu, Allah Ya jiƙansa.

Ku ma kun taɓa yin gyaran da kuka ce da ma kun bari?