Kujera Mai Dogon Hannu

"Ba don kai take yin kujerar nan ba, Malam! Don ta samu ta tafi take yi!"

Muryar Mama ce ta ratso bango. Auta na ɗakinta tana goge hannun kujera da samfefa, sai ta tsaya cak.

"To ta tafi mana," in ji Baba, da harshen nan nasa da ya yi nauyi tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. "Ni buhu ne, da za ta yi ta ɗagawa har ta tsufa?"

Auta ta hure ƙurar katako ta ci gaba da guga. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne Mama ba ta yi ƙarya ba. Wani kamfanin kujeru a wani gari ya yi mata tayin aiki da zarar ta gama karatun zanen kayan ɗaki. Amma duk gidan ita kaɗai ta iya ɗaga Baba ba tare da ya ji kunya ba. In bai iya tashi da kansa ba, babu inda za ta.

Tun tana ƙarama haka take: baƙo na zuba labari, ita tana kallon yadda ya zauna. A makaranta abokan karatunta daga takarda suke farawa, ita kuwa daga tsohuwar kujerar Baba ta fara. Inda fenti ya goge, nan hannunsa ke dafawa. Inda ƙafar kujera ta kankare siminti, nan yake turawa. Da ta zo yin sabuwa, ta ɗaga mazauni, ta ɗan karkato shi gaba, ta zarce da hannun dama har ya wuce gwiwa.

Malaminta ya zagaya kujerar yana taɓe baki. "Hannu ɗaya ya fi ɗaya. Wannan ai gurguwa ce."

"Mai ita ma haka yake, Malam."

Kujerar farko da ta yi ta kife da Baba. Ta biyu ya ce zama a kanta kamar jiran likita.

Da safe ta shigo falo da ta uku. Baba ya harare ta. "Kafinta, yau kuma ta wane ɓangare zan faɗi?"

Ta zaunar da shi, ta ja baya, ta harɗe hannuwa a bayanta don kada su kai masa ɗauki. Ya dafa dogon hannun, ya yunƙura, ya koma. Ya sake. Jijiyar wuyansa ta miƙe, ƙafar dama ta kafe, sai ga shi tsaye yana haki, yana dariya da rabin baki.

Mama, da ke jingine a bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba. "Shi ke nan, hanya ta buɗe miki."

Auta ta ɗauki tef ɗin awonta, ta tsaya daf da ita.

"Tafiya zan yi, Mama, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗan matsa in wuce. Saura gado."